Wuƙa, Reza da Aska: Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Kare Kanta da Iyalinta

Uwargida, babu gidan da ba a amfani da abu mai kaifi. Da wuƙa kike yanka albasa da kuɓewa, da reza ake warware ɗinki da yanke farce, da aska ake yi wa jariri askin suna. Saboda sabo da su, sai a manta cewa kowannensu yana iya jawo ɗinki a asibiti, ko mutuwar yatsa, ko shigar ƙwayar cuta cikin jini. Yawancin irin wannan rauni ba a wajen faɗa ake samunsa ba. A gida ake samunsa, lokacin gaggawa ko gajiya.

A Fagge da Sabon Gari abin ya fi bukatar kula. Da yawa daga cikin iyalai suna zaune ne a gidajen haya, inda ake girki a tsakar gida ko a kicin ɗaya, yaran kowa suna kai da kawowa. Fagge kuma unguwar teloli ce, ga ta kusa da Kantin Kwari, don haka almakashi da reza da allura ba sa rabuwa da ɗakunan mutane.

Me ya sa mai ciki ta fi bukatar kula?

Ciki yana sauya jikin mace ta hanyoyin da suka shafi riƙon wuƙa. Ruwa yakan taru a jiki, hannu ya kumbura, ya danne wata jijiya da ta ratsa ta wuyan hannu. Shi ya sa wasu mata, musamman a watannin ƙarshe, suke jin babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna mutuwa ko suna yi musu kamar tafiyar kiyashi. Hannun da ba ya ji sosai ba ya riƙe wuƙa da kyau.

Haka kuma jiri yakan kama mai ciki idan ta daɗe a tsaye, ko ta miƙe da sauri, ko ta zauna kusa da wuta cikin zafi. Ga nauyin ciki yana rage mata saurin kaucewa idan wuƙa ta suɓuce. Sa'an nan mata da yawa suna fama da ƙarancin jini a lokacin goyon ciki, wanda bai kamata a ƙara shi da wata asarar jinin ba.

Yadda za ki riƙa aiki da wuƙa

1. Ki daina yanka a tafin hannu. Yanka kuɓewa ko albasa a hannu, bakin wuƙa yana fuskantar babban yatsa, yana jawo yanka a kicin. Ki nemi katakon yanka, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya zame.

2. Ki lanƙwashe yatsun hannun da ke riƙe da abin da kike yankawa, bakin wuƙa kuma ya riƙa yin nesa da jikinki. Kada ki ɗora tire a kan cinya ko a jikin ciki kina yanka.

3. Ki zauna a kan kujera. Idan kika ji jiri, ki ajiye wuƙar nan take, ki kwanta ta gefen hagu har ya wuce.

4. Dakusasshiyar wuƙa ta fi zamewa, domin sai an danna ta da ƙarfi. A ba masu washi su gyara ta, amma ki sanar da duk mai taya ki aiki cewa an wasa ta.

5. Idan wuƙa ta suɓuce, ki janye ƙafa ki bar ta ta faɗi. Kada ki yi ƙoƙarin cafe ta.

6. Kada ki jefa wuƙa cikin ruwan kumfa tare da kwanuka, domin mai wanke-wanke ba ya ganinta. A wanke ta ita kaɗai, a goge, a mayar da ita wurinta.

7. Idan an ɗauke wuta, a kunna fitila kafin a ci gaba da yanka. Kada a fasa ƙanƙararren nama ko a buɗe gwangwani da tsinin wuƙa.

Ajiya: aikin duk mutanen gida

Yaron da ya fara rarrafe komai ya gani sai ya kai baki, wanda ya fara tafiya kuma yana kwaikwayon abin da ya ga manya suna yi. Ko na goye yana iya miƙo hannu ta bayanki. Saboda haka a keɓe wa kayan kaifi wuri ɗaya, a sama, inda yaro ba zai kai ba ko da ya taka kujera. Idan durowa ce, a sa mata kwaɗo. Kada a bar wuƙa a cikin kwando, ko a ƙarƙashin tabarma, ko a bakin murhu.

Idan gidan haya ne, ku yi shawara da sauran matan gidan, domin wuƙar maƙwabciya ma tana yanka ɗanki. Kada a aiki yaro aron wuƙa. Idan babba zai miƙa wa wani, ya ajiye ta a kan wani abu, shi kuma ya ɗauka ta ƙota.

Masu ɗinki a gida su tanadi gwangwani mai murfi don zuba tsofaffin reza da karyayyun allurai. Idan ya cika a rufe shi tam kafin a zubar, saboda yara da masu tsintar kaya a bola.

Maigida, ranar suna da Babbar Sallah su ne ranakun da manyan wuƙaƙe suke fitowa, gida cike da baƙi da yara. Ka sa mutum ɗaya ya kula da su. Da zarar an gama yanka da fiɗa, a wanke su, a mayar cikin kube, a ɗaga sama.

Idan tsautsayi ya faru

Da farko a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a riƙe har minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Idan jini ya jiƙa tsumman, a ɗora wani a kansa. A cire zobe kafin yatsa ya kumbura. Bayan jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta, a wanke gefen da sabulu, a rufe da filasta ko bandeji.

Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko man goge baki, ko kananzir, ko baƙin mai, ko garin taba. Ba sa warkar da rauni, sai dai su cusa masa datti. Idan kina bukatar maganin ciwo, farasitamol ne ya dace da mai ciki. Kada ki sha asfirin ko ibuprofen sai likita ya rubuta miki.

A garzaya asibiti idan:

- jini bai tsaya ba bayan minti 10, ko yana tsartuwa;
- yankan ya yi zurfi ko bakinsa ya buɗe;
- yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya ƙi miƙewa, ko ya mutu;
- raunin a ciki yake, ko ƙirji, ko wuya, ko fuska, komai ƙanƙantarsa;
- wurin ya kumbura daga baya, ya yi ja, yana ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya.

Idan wuƙa ta kafe a jiki, kada a zare ta. A tallafe ta da tsumma a tafi asibiti a haka. Idan yatsa ya guntule, a naɗe guntun da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta, a sa a leda a ɗaure, sa'an nan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada ƙanƙara ta taɓa naman. Sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala suna karɓar marasa lafiya dare da rana. Ki tafi da katin awonki, ki kuma gaya wa ma'aikata watannin cikinki.

Tetanus: haɗarin da ba a gani

Ƙaramin yanka ma yana iya zama ƙofar ciwon tetanus, wanda ke sarƙe haƙora ya sandarar da jiki. Ba tsatsa ce ke kawo shi ba. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta manne a jikin ƙarfe mai datti. Alamunsa kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni.

Allurar da ake yi miki a wajen awo ita ce garkuwarki, ke da abin da ke cikinki. Ana yin ta farko a zuwanki na farko, ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu bayan shekara 1, ta biyar bayan wata shekarar. A yi ƙoƙari ta biyun ta samu aƙalla mako 2 kafin haihuwa. Wadda ta cika 5 ta samu kariya har ƙarshen shekarun haihuwarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai 787,000 ne tetanus ya kashe a 1988, amma zuwa 2018 adadin ya sauko zuwa kimanin 25,000, saboda rigakafi da tsabtar haihuwa.

Kaifi da jikin jariri

Ƙarfe na farko da ke taɓa jikin ɗan Adam shi ne na yanke cibiya. Haihuwa a asibiti ta fi, domin a can ana amfani da kayan da aka tsarkake. Idan haihuwa ta zo a gida, a yanke cibiya da sabuwar reza da aka ɓare a gabanki, da wankakken hannu. Ban da wuƙar kicin, ban da tsohon almakashi. Bayan haka a shafa man cibiya na kulohezidin da ake bayarwa a asibiti. Na cibiya ne kawai, kada ya kusanci ido. Jaririn da ya kama nono lafiya a kwana biyun farko, sa'an nan ya daina tsotso, jikinsa ya sandare, a kawo shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ranar askin suna, ku saya wa wanzami sabuwar reza. Askar da ta taɓa jinin wani tana iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Haka ma abin yankan farce, kowa ya mallaki nasa. Amma cire belu da tsaga da duk wani yanka a jikin jariri, muna ba iyaye shawara su bari. Jaririn da ya kai kilo 3 jinin jikinsa duka bai wuce kimanin rabin ledar ruwan fiya wata ba, don haka zubar jinin da babba zai raina tana iya halaka shi. Ita ma mai naƙuda, kada a yarda a yi mata yankan gishiri don haihuwa ta yi wuya. Yana jawo zubar jini da yoyon fitsari. A kai ta asibiti.

Yau ɗin nan ki zagaya ɗakinki da kicin, ki tattara duk wani abu mai kaifi ki ɗaga shi sama, ki kuma duba katin awonki ki ga allura nawa aka yi miki. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sauke ki lafiya.