Daga Biza Zuwa Zama Ɗan Ƙasa: Hanyar da Birtaniya Ke Ƙara wa Tsawo

Mafi yawan maganar da ake yi a kan tafiya ƙasashen waje a bakin biza take tsayawa: wa aka bai wa, wa aka hana, nawa ake so a gani a asusun banki. Amma biza izinin shiga ce kawai, kuma tana da ranar ƙarewa. Bayanta akwai takardar zama na dindindin, wadda ke 'yantar da mutum daga sabuntawa da fargabar kora, sannan a can gaba akwai zama ɗan ƙasa da fasfo da 'yancin kaɗa ƙuri'a a kowane zaɓe. A ganina abin da ya fi bayyana niyyar ƙasa game da baƙinta shi ne nisan da ta sanya tsakanin matakin farko da na biyu. A 'yan shekarun nan Birtaniya, ƙasar da 'yan Najeriya suka fi nufa don karatu da aikin jinya, ta soma ƙara wa wannan nisa tsawo. Ra'ayina shi ne tsawaitawar ba za ta kori waɗanda suka riga suka shiga ba. Abin da za ta yi shi ne ta mai da su mazauna masu rauni na dogon lokaci, irin zaman da Hausawa suka daɗe da saninsa a Saudiyya.

Kafin a fahimci rufewar sai an tuna da buɗewar. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, 'yancin shige da fice na Turawan nahiyar ya ƙare a ƙarshen 2020, kuma sabon tsarin maki ya fara aiki a Janairun 2021. Asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, waɗanda a da suke samun ma'aikata daga Poland da Romaniya, sun wayi gari da giɓi, ga annobar korona ta gajiyar da waɗanda suka rage. Gwamnati ta juya ga Asiya da Afirka. A Yulin 2021 aka bai wa ɗalibai damar zama shekara biyu suna aiki bayan kammala karatu, a Fabrairun 2022 kuma aka buɗe biza ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya. Jami'o'in ƙasar, da kuɗin da suke karɓa daga ɗaliban gida ya daɗe a tsaye yayin da tsadar rayuwa ke hawa, sun rungumi ɗaliban waje da ke biyan ninkin wannan kuɗi. 'Yan Najeriya sun amsa kiran da iyalansu: a 2022 kaɗai an ba da biza kusan 60,000 ga mata da miji da 'ya'yan ɗaliban Najeriya, adadin da ya kai na ɗaliban kansu. Da hukumar ƙididdiga ta nuna cewa rarar masu shigowa a kan masu fita ta haura 700,000 a shekara guda, siyasa ta juya gaba ɗaya.

Matakan da suka biyo baya sun zo a jere. Daga Janairun 2024 aka hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyali. A Maris aka yi wa masu kula da tsofaffi irin wannan hani. A Afrilu mafi ƙarancin albashin da ake nema don bizar ƙwararren ma'aikaci ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700, kuma kuɗin shigar da ake nema ga mai son kawo matarsa ko mijinta ya tashi daga 18,600 zuwa 29,000. Wannan duk a zamanin jam'iyyar Conservative ne. Da Labour ta karɓi mulki ba ta sassauta ba: a Yulin 2025 ta rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga waje, ta ɗaga albashin zuwa 41,700. Duk waɗannan ƙofar shiga suka shafa, kuma sun yi aiki, domin adadin masu shigowa ya faɗi warwas. Hujjata ta fara daga nan. Tunda ƙuntata ƙofa ya riga ya rage shigowa, me ya sa takardar manufofin da gwamnatin Keir Starmer ta fitar a Mayun 2025 ta ƙara da shawarar ninka zaman jiran takardar dindindin daga shekara biyar zuwa goma? A Nuwamba sakatariyar harkokin cikin gida, Shabana Mahmood, ta gabatar da bayanin shawarar: goma ga yawancin mutane, ragi zuwa biyar ko uku ga masu babban albashi, har sha biyar ga masu ƙananan ayyuka irin na kula da tsofaffi. Da waɗanda suke ciki wannan mataki yake, waɗanda aka gayyato a 2022 da alkawarin shekara biyar.

Abin da shekara goma ke nufi a aikace sai an duba sharuɗɗan bizar aiki. Bizar a ɗaure take da kamfanin da ya tsaya wa mutum. In ya rasa aikin, ko aka ƙwace wa kamfanin lasisi, yawanci kwana 60 yake da su ya samo wani kamfani mai lasisi ko ya bar ƙasar. Ba shi da ikon karɓar tallafin gwamnati duk da yana biyan haraji kamar kowa. Ban da ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi da aka ɗauke wa, kowane mai bizar aiki yana biyan kuɗin asibiti tun gaba, wanda a Fabrairun 2024 ya tashi daga fam 624 zuwa 1,035 a shekara ga babba, 776 ga yaro. Magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu suna biyan fam 3,622 duk shekara ke nan, fiye da 18,000 a shekara biyar, fiye da 36,000 a goma, tun ba a zo ga kuɗin bizar ba, balle na takardar dindindin da ya haura fam 3,000 a kan kowane mutum. Yaron da aka haifa a wannan zama ba ya zama ɗan Birtaniya da haihuwa, domin dokar 1981 ta soke wannan tun daga 1983, sai in ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin. Ma'aikacin da aikinsa, gidansa da makarantar 'ya'yansa suka rataya a sa hannun mutum ɗaya ba zai kai ƙara don an zaftare masa albashi ba. Ba zato ba ne wannan: gwamnatin da kanta ta bayyana cewa tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta ƙwace lasisin kamfanonin kula da tsofaffi fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Da yawansu sun sayar da fili ko mota sun biya dillalai don takardar ɗaukar aiki da doka ta haramta a sayar, suka isa suka tarar babu aikin. Kowace shekara da aka ƙara wa zaman jira, shekara ce da aka ƙara wa irin waɗannan kamfanoni a kan wuyan ma'aikaci.

Wanda ya san zaman Makka da Jidda ba ya buƙatar dogon bayani. Iƙama, wato takardar zama, da kafili, wato mai tsaya wa baƙo, su ne cikakkiyar siffar tsarin da ke karɓar aikin mutum ba tare da ya karɓi mutumin ba. Akwai zuriyar Hausawa da suka isa Hijaz tun da daɗewa suka zama 'yan ƙasa, har sunan Hausawi ya shahara a ƙwallon ƙafar Saudiyya. Akwai kuma waɗanda suka zo daga baya, aka haifi 'ya'yansu da jikokinsu a can, ba su san Kano ko Damagaram ba sai a labari, amma har yau zamansu na sabuntawa ne, wasu ma babu takardar sam. Lokacin da aka ƙaƙaba harajin iyali a Yulin 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya hau har 400 a 2020, magidanta da yawa sun mai da iyalansu gida suka zauna su kaɗai. Gyaran da aka yi wa tsarin kafili a 2021 ya sauƙaƙa sauya wurin aiki, sai dai bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba, wato inda cutarwar ta fi yawa. Ba na cewa Birtaniya ta zama Saudiyya. Tana da kotuna, da 'yan jarida, da ƙungiyoyin ƙwadago, kuma hanyar zama ɗan ƙasa a buɗe take ko da ta yi tsawo. Amma alkiblar iri ɗaya ce, har a wajen fifita mai kuɗi: Saudiyya na sayar da zaman dindindin a kan riyal 800,000 tun 2019, Birtaniya kuma na shirin taƙaita jira ga mai babban albashi ta tsawaita wa mai wanke tsofaffi.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce kowace ƙasa na da ikon zaɓar wanda zai zama nata. Haka ne, kuma Najeriya ba ta da bakin yi wa kowa gori a nan, tunda tsarin mulkinta na 1999 ya nemi baƙo ya yi shekara 15 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, ya kuma bai wa matar ɗan Najeriya damar rajista ya hana mijin 'yar Najeriya. Sai dai ikon yin abu daban, dacewarsa daban, musamman idan za a sauya sharaɗi ga wanda ya riga ya ci rabin hanya. Hujja ta biyu ta fi nauyi: dubban ɗaruruwan da suka shigo daga 2022 za su cika shekara biyar kusan lokaci guda, kuma mai ƙaramin albashi da iyali, in ya samu damar tallafi, yana iya karɓar fiye da abin da yake biya a tsawon rayuwarsa. Lissafin yana da ƙamshin gaskiya, amma ya manta dalilin ƙarancin albashin. Ƙananan hukumomi ne ke sayen yawancin aikin kula da tsofaffi, kuma a farashin da bai isa ya jawo 'yan ƙasa ba. Ƙasa ta yi arhar aikin da gangan, ta ɗauko baƙi su yi shi, sannan ta kafa hujja da arhar don ta hana su zama. Bugu da ƙari, mai takardar dindindin shi ne ke iya barin aikin ya koma wanda ya fi tsoka, ya ƙaro karatu, ya buɗe sana'a, ya biya haraji mai yawa. Ɗaure shi a wuri ɗaya yana tabbatar da talaucin da ake tsoro ne.

Hujja ta uku ba a cika faɗinta a fili ba: in zaman ya yi wuya, za su gaji su tafi. Tarihin Jamus ya saɓa wa wannan. Ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961 bisa tunanin za su yi 'yan shekaru su koma, ta dakatar da ɗaukar a 1973, amma da yawa suka zauna suka kawo iyali, aka samu zuriya da aka haifa a Berlin da Köln ba tare da takardar ƙasa ba. Sai a 2000 aka gyara dokar, a Yunin 2024 kuma aka rage zaman jira daga shekara takwas zuwa biyar tare da halasta fasfo biyu. Gwamnatin Friedrich Merz ta soke hanyar gaggawa ta shekara uku a 2025, amma ta bar biyar ɗin. Mutumin da ya sayar da abin da ya mallaka, 'ya'yansa suka shiga makaranta, ba ya komawa don an ƙara masa shekaru, musamman in kuɗin ƙasarsa ya karye. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, har ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside suka kasa biyan kuɗin makaranta a 2024 aka umarci wasunsu da barin ƙasar. Waɗanda ke da zaɓin tafiya su ne likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, kuma ba gida za su nufa ba. Kanada na ba da damar neman zama ɗan ƙasa bayan kwana 1,095 na zama cikin shekara biyar ga mai takardar dindindin, Ostareliya ma na neman irinsu.

Wannan shi ya sa ban yarda da masu cewa tsanantawar alheri ce ga Najeriya ba, wai za ta tsare mana likitocinmu. Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma ƙa'idar Birtaniya ta hana zuwa farautar ma'aikata a irin waɗannan ƙasashe, amma ba ta hana mutum ya nema da kansa ba, shi ya sa kwararar ba ta tsaya ba. Ƙudurin da aka kai Majalisar Wakilai a 2023 na tilasta wa likita aikin shekara biyar kafin cikakken lasisi ya sha suka daga ƙungiyoyin likitoci, domin bai taɓa albashi da kayan aiki da tsaro ba, waɗanda su ne ke korar su. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Wanda ya fi iya dawowa gida ya yi wata shida yana koyarwa a asibitin koyarwa, ko ya kafa asibiti a garinsu, shi ne mai fasfo biyu, tunda tsarin mulkin Najeriya ya yarda ɗan ƙasa na haihuwa ya riƙe wata ƙasar. Mai jiran takardar dindindin a Birtaniya kuwa ba ya iya yin fiye da kwana 180 a waje cikin kowane wata goma sha biyu ba tare da ya ɓata lissafinsa ba, kuma kuɗin da zai aiko gida shi ne yake tarawa don sabunta biza. In jiran ya koma goma ko sha biyar, wannan ƙidayar kwanaki da wannan tarin kuɗi za su cinye shekarun da ma'aikacin jinya ya fi ƙarfi da amfani, ga ƙasar da yake zaune da wadda ta horar da shi.