Jakin Babbar Mandolin: Zaɓensa da Sassaƙarsa

Mandolin abin kiɗa ne mai tsirkiya takwas, jere biyu-biyu, wanda ya samu siffarsa sananniya a birnin Nafoli na ƙasar Italiya cikin ƙarni na 18. Tana da babbar 'yar'uwa mai kaurin murya, wadda makaɗan Ailan da na Amurka ke amfani da ita. Kowace tsirkiya ta babbar tana kaɗawa rabin yadda takwararta ta ƙaramar ke yi. Alal misali, inda ta ƙarama ke kaɗawa sau 440 a sakan guda, ta babba sau 220 take yi. Tsawon tsirkiyar ƙarama wajen inci 14 ne, na babba kuwa yakan kama daga inci 20 zuwa 23.

Jaki shi ne ɗan itacen nan da tsirkiyoyi ke hawa a bisa fuskar abin kiɗa, kamar dai yadda ake gani a goge da garaya. Tsirkiya ita kaɗai siririya ce, ba ta iya motsa iska sosai. Jaki ne ke ɗaukar girgizarta ya miƙa wa allon fuska, allon kuma ya fitar da amo. Ba a manne shi da gam. Nauyin tsirkiyoyi ne ke danne shi.

Iri biyu ne ake zaɓa a tsakaninsu. Na farko sassaƙe yake daga itace guda, ba shi da nauyi, amma idan ya yi tsawo sai an rage shi da magagari. Na biyu hawa biyu ne, da ƙananan notuna biyu da ake murzawa a ɗaga shi ko a sauke shi. Kamfanin Gibson na Kalamazoo a Amurka ne ya fito da wannan samfuri a 1921. Amfaninsa a bayyane yake, domin katako yana kumbura da damina ya tsuke da rani, tsayin tsirkiya kuma ya sāke.

Itacen da aka fi so shi ne mai tauri da nauyi, musamman baƙin itacen nan dangin kanya, don tsirkiyar ƙarfe ba ta saurin cinye shi. Sai dai jaki mai nauyi ainun yana dushe murya, marar nauyi kuma yakan sa ta yi kaifi.

Wajen sassaƙa, abu uku ne masassaƙi zai kiyaye. Na ɗaya, ƙafar jaki ta zauna daram. Akan shimfiɗa sanfefa a kan fuskar, gefen kaushi yana sama, a riƙa goga jakin a hankali har ƙafarsa ta ɗauki siffar allon, ba inda haske ke ratsawa. Na biyu, kada zurfin tsagar da tsirkiya za ta kwanta ya wuce rabin kaurinta. Na uku shi ne mazauni. A wuyan mandolin akwai matakai na ƙarfe a gicciye, na 12 kuwa shi ne ke raba tsirkiya biyu. Saboda haka nisan jaki daga mataki na 12 daidai yake da nisan matakin daga bakin wuya, sai a ƙara 'yan milimita kaɗan, domin danna tsirkiya yana ƙara mata tsauri. Tsirkiya mai kauri ta fi bukatar wannan ƙari, shi ya sa akan ga saman jaki ba a miƙe yake ba. In sauti ya haura ƙima a mataki na 12, sai a ja jaki baya. In ya gaza, a matso da shi gaba.

Wanda ya yi sakaci da waɗannan, ko da ya sayi mandolin mai tsada, kiɗansa ba zai daidaita da na abokan kiɗa ba. Jaki mai tsawo fiye da ƙima kuma yana gajiyar da yatsu, yana ƙara wa allon fuska nauyi har ya lotsa, gyaransa kuwa ya ninka kuɗin jaki sau da yawa.