Jirgin Pontun a Tudu: Me Ya Sa Ba a Ajiye Shi a Ƙasa Haka Kawai?

Idan kana yawan kallon bidiyon tafkunan Amurka a YouTube ko TikTok, da wuya ba ka ci karo da wani jirgin ruwa mai kama da falo ba: kujerun laushi, rumfa, da faffaɗan daɓe a kan dogayen bututu biyu ko uku. Sunansa pontun. Wani manomi mai suna Ambrose Weeres, a garin Richmond na jihar Minnesota, shi ake dangantawa da ƙirƙirarsa a farkon shekarun 1950, lokacin da ya haɗa gangunan ƙarfe da walda ya ɗora musu katako. Yau da alminiyum ake ƙera bututun.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne inda jirgin yake kwana idan hunturu ya shigo. A Minnesota tafkuna na daskarewa tsawon watanni, kuma ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya zama ƙanƙara. Jirgin da aka bari a ciki zai iya matsewa ko ya tsage. Dole a fito da shi tudu, kuma a nan ne wata matsalar take farawa.

Ƙarfinsa a ruwa yake

Kaurin bangon bututun bai fi milimita 2 zuwa 3 ba, alhali jirgin da injinsa kan haura tan ɗaya. A cikin tafki wannan ba komai ba ne, domin ruwa na tallafe kowane sashe na bututun daga gaba har baya. A tudu kuwa, duk nauyin na iya tattaruwa a kan dutse guda. Ka tuna gwangwanin lemo: yana jure nauyi idan an rarraba masa, amma ɗan yatsa ɗaya ya isa ya lotsa shi. Lotsawa kusa da layin walda kan buɗe ƙaramar kafa, mai jirgi ba zai sani ba sai ya mayar da shi ruwa ya ga gefe ɗaya na nutsewa.

Saboda haka aikin matokari shi ne kwaikwayon ruwa: ya rungumi bututun, ya baza nauyin.

Ire-iren matokaran

Mafi sauƙi su ne guntayen katako masu faɗi da ake jerawa a ƙarƙashin kowane bututu. Sai matokaran roba mai tauri, waɗanda aka yi wa samansu lanƙwasa daidai da zagayen bututun. Ba su da nauyi, ba sa tsatsa, kuma ana iya jera su cikin juna idan an gama.

Dillalai da masu baje koli sun fi son matokarai masu ƙananan tayoyi. Da su ma'aikata kaɗan za su tura jirgi daga wannan kusurwa ta shago zuwa waccan, kuma jirgin na zama ƙasa-ƙasa yadda mai saye zai hau ba wahala.

Tirela ma iri biyu ce. Akwai wadda bututun ke kwanciya a kan allunan da aka lulluɓe da kafet. Akwai kuma mai almakashi, wadda ke shiga tsakanin bututun biyu ta ɗaga jirgin ta ƙasan daɓensa. Wannan ita ce ke iya sauke shi a hankali a kan matokarai, sannan ta fice ta je ɗauko wani.

Inda ake yawan kuskure

Na farko, wurin tokarawa. Galibin bututun an raba cikinsu gida-gida da faranti, kuma layin waldar da ke zagaye bututun daga waje shi ke nuna inda ya fi ƙarfi. A nan ake sa matokari, gaba da tsakiya da baya. Bayan ya fi buƙatar kulawa saboda can injin yake. Tsinin hancin gaba kuwa ba a ɗora masa nauyi.

Na biyu, irin katakon. Wanda aka jiƙa da maganin hana ruɓewa yawanci na ɗauke da jan ƙarfe. Idan ya haɗu da alminiyum ga kuma laima, sai alminiyum ya fara cinyewa, ƙananan ramuka su fito. Shi ya sa ake sa roba a tsakaninsu. Baƙin ƙarfe tsirara ma haka yake yi.

Na uku, daidaito. Idan matokari ɗaya ya nutse a ƙasa mai laushi, jirgin zai karkace, daɓen ya murɗe. Ana shimfiɗa allo a ƙarƙashi, sannan a ɗan ɗaga gaba sama da baya domin ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara su gangare. Daga nan a lulluɓe jirgin, a cire batirin a kai shi ɗaki, a riƙa yi masa caji lokaci zuwa lokaci, kamar yadda ba ka barin batirin wayarka ya mutu na watanni.

Jirgin dubban daloli, amma lafiyarsa na rataye a kan guntun robar da ba ya fitowa a hoto. Kamar rigar waya ce: ba ita ake talla ba, sai ranar da wayar ta faɗi ake sanin darajarta.