Ɗan Maraya Jos da Kuntiginsa

Ina so in ɗan yi bayani a kan wani mawaƙi wanda kusan kowa a kwalejin nan ya taɓa jin muryarsa, ko a rediyo ko a cikin mota, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka tambayi abin da ya raba shi da sauran mawaƙan Hausa. Shi ne Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos. A ganina, wanda ya ke so ya gane mutumin nan sai ya fara duban abin kiɗansa tukuna, gama a nan asirin ya ke.

Kafin mu je gare shi, ya kamata mu tuna yadda sana'ar kiɗa ta ke a ƙasar Hausa tun zamanin kakanni. Makaɗi ba ya zama haka nan kawai, sai da uban gida. Akwai makaɗan fada, irin su Narambaɗa wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, da Sarkin Taushin Katsina. Akwai kuma makaɗan sana'a: manoma da nasu, maƙera da nasu, mafarauta da nasu, mahauta kuwa kalangu ne kiɗansu, 'yan dambe su ma ga Ɗan Anace. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tafe da ƙungiya, watau masu kiɗa, da 'yan amshi, da sanƙira mai yi wa jama'a bayanin wanda a ke wasawa. Duk mutanen nan sai sun ci, sai sun sa tufa, su kuma ciyad da iyalinsu. To, daga ina abincin zai fito? Daga hannun wanda a ke yi wa waƙa. Saboda haka tilas waƙa ta nufi inda riga da doki da kuɗi su ke. Ko Mamman Shata, wanda bai ɗaure kansa ga fadar kowa ba, ƙungiya gare shi babba, ba ya motsawa sai da ita.

An haifi Adamu Wayya a Bukuru, kusa da Jos, cikin 1946. Ubansa makaɗin sarkin Bukuru ne. Uban ya rasu yaron yana jariri, uwar kuma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai sarki ya ɗauki yaron ya riƙe. Daga nan ne sunan Ɗan Maraya ya bi shi, har ya danne sunan yanka. Ku lura da wannan: ta wajen gado, hanyar fada a buɗe ta ke gabansa. Ɗan makaɗin sarki ne, a gidan sarki kuma ya tashi. Da ya bi al'ada, da ya ƙare kwanakinsa yana wasa masu rawani.

Amma Bukuru ta zamanin nan ba irin Katsina ko Daura ba ce. Garin haƙar kuza ne. Tun farkon zamanin Turawa mutane su ke ta kwararowa kan dutse daga Kano da Sakkwato da Borno da Bauci da ƙasashen kudu, suna neman aikin lebura a ramukan kuza, jirgin ƙasa kuma yana kwashe abin da suka haƙo. Gari ne na baƙi, na masu kwana a bariki, na direbobi da 'yan kamasho da masu sayad da abinci a bakin tasha. Yawancinsu sun baro danginsu nesa, ba su da kirarin gidan da za a yi musu, ba su kuma da dokin da za su bayar. Waɗannan su ne mutanen da yaron ya buɗe ido ya gani.

Tun bai balaga ba ya yi tafiya zuwa Maiduguri, a can ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa. Bai sake shi ba har ƙarshen ransa. Ga wanda bai taɓa gani ba, kuntigi ɗan ƙaramin abu ne daga dangin molo da garaya da gurmi. Cikinsa gwangwanin kifi ne irin mai ɗan tsawo, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa 'yar sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Shi ke nan. Mai kaɗa shi ya kan riƙa maimaita wani ɗan gajeren zubi da sauri ƙwarai, kowace waƙa da irin nata. In ya buɗe baki yana waƙa, sai ya riƙa sauya sautin tsirkiyar tana bin hawa da saukar muryarsa, in ya yi shiru don ya numfasa, sai tsirkiya ta koma kan zubinta na fari. Watau dai tsirkiyar nan ita ce ɗan amshinsa.

Nan ne maganar ta ke. Ɗan amshin da ba ya cin tuwo, ba ya neman kaso, ba ya fushi ya koma wajen wani, ya 'yantad da mai shi daga abubuwa da yawa. Ɗan Maraya ba ya bukatar motar ɗaukar ƙungiya, kujera ɗaya ta ishe shi, kayan aikinsa duka suna shiga ƙarƙashin riga. Abin da aka ba shi, kome ƙanƙantarsa, nasa ne shi kaɗai. Mutumin da nauyinsa bai wuce wannan ba yana iya yi wa wanda ya ga dama waƙa, ko da wanda a ke yi wa ɗin ba shi da ko anini. Ban ce bai taɓa yabon manya ba, ya yi, sana'a ce. Amma ba da yabon manya ya yi suna ba.

Waƙar da ta fara fid da shi, har wa yau kuma ita aka fi saninsa da ita, ita ce Waƙar Karen Mota. Mu da mu ke zaune a gindin Zuma ba mu bukatar a gaya mana ko wane ne karen mota. Hanyar Kaduna zuwa Abuja ta gabanmu ta wuce, dare da rana manyan motoci suna ta ratsa Madalla, wasu da shanu, wasu da hatsi, wasu da mai. In ɗaya ta lalace a gefen hanya, ku duba ku ga wanda ke kwance a ƙarƙashinta. Shi ne mai sa jak, shi ke kwance taya ya kai faci, shi ke ɗebo ruwa ya zuba a lagireto, shi ke ɗaure kaya ya ja tamfol in hadari ya taso. In an tsaya a kan tudu, shi zai diro da gudu ya sa weji kada mota ta koma da baya. In dare ya yi direba ya tafi masauki, shi zai kwana yana gadi, sauro na cizo. Bayan wannan duka, sunan da jama'a ta ga ya dace da shi shi ne kare. Yanzu an ɗan gyara, a kan ce yaron mota ko kwandasta, amma aikin yana nan yadda ya ke.

To, sai ga ɗan makaɗin sarki ya ɗauki irin girman da ubansa ke bai wa sarki, ya ɗora wa wannan yaro mai riga duk baƙin mai. Lalle wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kowa ya san wanda a ke yi wa kirari da wanda ba a yi wa. Na kan yi tunanin yadda yaran nan suka ji ran da suka fara jin aikinsu a bakin mawaƙi cikin rediyo, a gaban direba da fasinja. Ai ko ba su ba da kome ba, sun biya shi da abin da ya fi kuɗi, gama su ne suka kai sunansa kowace tasha.

Irin wannan ya faru a wata ƙasa mai nisa, kwatancin kuwa zai taimake mu. A kudancin Amurka akwai waƙar da su ke kira kantiri, watau waƙar mutanen karkara, wadda ta fara shiga faifai da rediyo cikin shekarun 1920. Mutum ɗaya da jita, yana ba da labarin talauci, da aure da rabuwa, da giya, da kewar gida, da doguwar tafiya. Jimmie Rodgers, ɗaya daga cikin na farkonsu, ma'aikacin jirgin ƙasa ne kafin ya zama mawaƙi, tarin fuka ya kashe shi cikin 1933. Hank Williams ya mutu a kujerar bayan mota ran 1 ga Janairu, 1953, yana da shekara 29. Daga baya har waƙoƙin direbobin manyan motoci suka zama wani reshe na musamman a cikinta. Iyayenmu sun san Jim Reeves, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama cikin 1964, faifansa kuwa sun cika gidaje a Nijeriya. Wani abin sha'awa, banjo, ɗaya daga cikin kayan kiɗan kantiri, asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, bayin da aka kwashe su suka ƙera shi can bisa kamannin abin da suka baro gida. Ashe ɗan'uwan molo da kuntigi ne ya yi ƙaura. Ba cewa na ke Ɗan Maraya ya koya daga wajensu ba. Inda duk aka tara talakawa nesa da gida, suna aiki da ƙarfinsu, sai an sami mai tsirkiya da zai faɗi halin da su ke ciki.

Bayan tasha, inda ya fi zama shi ne cikin gida. A Jawabin Aure ya jera wahalolin da saki ke jawowa, ya roƙi miji da mata su sasanta. A Auren Dole ya soki iyayen da ke ɗaura wa 'yarsu aure da wanda ba ta so. Ku tuna fa, namiji ne Bahaushe ya faɗi haka a bainar jama'a, tun zamanin da yarinya ba ta da bakin cewa a'a. Ni dai wadda na fi so ita ce Gulma-Wuya, labarin magulmaciyar unguwa mai shiga tsakanin ma'aurata har ta raba su. A nan ba wa'azi ya tsaya yi ba, mutanen ya kawo gabanmu, kowa da irin maganarsa, har mai sauraro ya manta mutum ɗaya ne ke zaune da gwangwani a hannu. Mu masu koyon aikin malanta akwai abin dubawa a nan. Sau nawa a ke gaya mana kada mu tsaya gaban allo muna zuba wa yara ka'ida, mu kawo musu misalin da za su gani da idon zuci? Mutumin nan bai zauna a ajin koyon dabarun koyarwa ba, amma in ka ji Mai Akwai da Babu, ko Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, ka ji darasi wanda aka shirya aka kuma isar. Ina ba da shawara ga wanda za a tura koyarwar gwaji, in an ba shi darasin Hausa, ya sa yara su saurari Gulma-Wuya su fid da mutanen cikinta, sa'an nan su mai da ita wasan kwaikwayo. A darasin aikin hannu kuwa, gwangwani da 'yar fata ba za su gagari kowace makaranta ba.

Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙi da yawa na yabon sojojin Tarayya, yana kwatanta fagen fama kamar mai sauraro yana wurin. Sun ƙara masa suna ƙwarai. Ko da ya ke sojan da ke cikin rami shi ma ɗan talaka ne, ɗan'uwan karen mota, ni ban sa waɗannan a sahun gaba ba. Waƙar yaƙi ta gefe ɗaya ce, uwar da ta rasa 'ya'yanta a ƙetaren Kwara ba za ta ji ta da kunnen da muka ji ta ba. Waƙoƙinsa na tasha da na aure kuwa ba su da gefe.

Sauran abu guda, shi ne harshensa. Wanda bai tashi a ƙasar Sakkwato ko Zamfara ba, in ya saurari Narambaɗa sai ya nemi mai yi masa fassara, don zurfin Hausar da karin harshen. Hausar Ɗan Maraya kuwa ta Jos ce, ta kasuwa da tasha, wadda Birom da Angas da Bagwari da Bayarabe duk su ke ciniki da ita. Mu da muka yi makarantar mishan mun san irin wannan Hausa, da ita a ke wa'azi da waƙa a coci-coci da yawa na Filato da kudancin Kaduna da nan ƙasar Neja. Shi ya sa za ka shiga gidan Musulmi ka tarar ana jinsa, ka shiga gidan Kirista ka tarar ana jinsa, ba wanda ya ɗauke shi baƙo. Garin da ya ɗauki sunansa ya sha rikici, musamman cikin 2001 da 2008 da 2010, aka yi hasarar rayuka masu yawa, unguwanni suka rabu. Shi dai Jos ce gidansa har ƙarshe.

Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta, ya kuma kai ɗan gwangwanin nan ƙasashen waje ya kaɗa. Ya rasu a Jos ran Asabar, 20 ga Yuni, 2015, cikin kwanakin farko na watan azumi, bayan ya yi fama da rashin lafiya. Allah ya ji ƙansa.