iPhone ko Android: Wacce ce ta fi dacewa da Bazamfare?

Musun iPhone da Android ba ya ƙarewa a majalisun matasan Gusau. Mai iPhone yana taƙama da kyawun hoto da aji, mai Tecno ko Samsung yana cewa tasa ba ta yi masa gardama. Sai dai a Zamfara ma'auni na farko shi ne: me waya za ta tsinana maka idan babu wuta kuma babu sabis?

An ga amsar a Satumbar 2021, lokacin da hukumar NCC ta umarci kamfanoni su katse layukan sadarwa a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Har maƙwabtan jihohi mutane suka riƙa zuwa don su buga waya. A waɗannan makonni, wayar da ta yi rana ita ce mai rediyon FM da memori cike da karatun malamai da fina-finan Kannywood. iPhone ba ta da rediyon, ba ta da ramin memori. Je ka shagon mai turi a Tsafe: zai jona Android da kwamfutarsa, ko ya buɗe Xender, kafin ka ƙirga kuɗinsa fim ya shiga. Miƙa masa iPhone, sai ya fara sosa ƙeya.

Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya karanci wannan rayuwa tun da wuri. Ya ba wayoyinsa babban batir, saboda ya san wayar da yawa daga cikinmu tana wuni a teburin mai caji, an manna mata lamba, janareto yana ruri. Ya ba su layi biyu, domin mai bin hanyar Bungudu ya san inda MTN ke ɗaukewa Airtel ta kama. Su kuwa iPhone na kasuwar Amurka, daga iPhone 14 ta 2022, ba su da ramin layi kwata-kwata. Haka batun gyara: gilashi da batirin Tecno suna nan birjik wajen masu gyara, yayin da iPhone ta hannu da aka manta sirrin iCloud ɗinta kan koma kayan gyaran wasu.

A fagen 'yanci ma Android ce a gaba, domin tana barinka ka ɗora manhaja daga inda ka ga dama. Apple ba ya yarda sai ta App Store. Sai da Tarayyar Turai ta tilasta masa a 2024 ya buɗe ƙofa ga wasu shagunan manhaja, kuma sassaucin bai iso Najeriya ba.

Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ta wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ta Android ce jabun WhatsApp da manhajojin bashi masu kwashe lambobin abokanka suke shigowa. Wayoyi masu araha sukan zo da tarkacen manhajoji da tallace-tallace, kuma ba a daɗe ana sabunta tsaronsu. A nan iPhone ta yi zarra, domin takan samu sabuntawa shekara 5 ko fiye. Samsung ma a 2024 ya yi wa Galaxy S24 alƙawarin shekara 7, sai dai farashinta ba na kowa ba ne. Yanzu da kuɗin ɗan kasuwa ke kwana a OPay da Moniepoint, tsaron waya tsaron jari ne.

Saboda haka, ga manomi da ɗalibi da ɗan tireda, Android ce ta fi biyan buƙata, muddin za su tsaya ga Play Store su kuma kulle wayarsu da lambar sirri. Mai hali da ya fifita tsaro ya sayi iPhone, amma kada ya miƙa kuɗi sai mai sayarwa ya cire iCloud ɗinsa a gabansa, an kuma saka layi an ga ya kama.