Fiya wata da ruwan gora a tankin kifi: ozon ne ke kashe su?

Wani ƙanena daga Kebbe ya kira ni makon jiya hankali tashe. Ya sayo kifin ado guda shida a akwatin gilashi, ya kuma sayo ruwan gora zai zuba musu, sai ya ga an rubuta a jikin gorar cewa an tsarkake ruwan da ozon. Ya ce: "Yaya, wannan abin ba guba ba ne?" Na yi dariya, don tsoron da ya ji ni ma na taɓa jin sa, kuma sai da na yi asara kafin na gane.

A wata bazara na ɗauko 'ya'yan tarwaɗa 500 daga Sakkwato zuwa gida Tambuwal, tafiyar kusan kilomita 100 cikin jarka. Ina isowa na tarar famfon bohol ya lalace, ruwan tanki bai kai rabi ba. Cikin gaggawa na aika yaro ya ɗauko jakar fiya wata goma, lita 100 ke nan. Kuskurena, rabinsu masu sanyi ne daga firiji, ni kuma na ce ai zafi ake, za su ji daɗi. Na farfasa na juye gaba ɗaya. Kafin la'asar sun fara juyawa suna kwanciya a ƙasa. Washegari na kwashe matattu sun haura ɗari. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Na ɗora wa ozon laifi, na yi ta faɗa wa mutane. Ashe zalunci na yi masa.

Ozon iska ce, 'yar uwar oksijin ɗin da muke shaƙa. Masu kamfanin ruwa suna hura ta cikin ruwa ta kashe ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne idan tana nan da ƙarfinta tana ƙona kunnuwan da kifi ke numfashi da su. Amma ba ta daɗewa. Cikin mintuna zuwa 'yan awanni take rushewa ta koma oksijin, kuma zafi na ƙara mata sauri. Gorar da ta kwana a sito, ta hau mota, ta sha ranar Tambuwal a bakin shago, ina ozon zai tsaya? Manyan gonakin kifi a Turai ma da shi suke tsabtace ruwansu, sai dai suna tabbatarwa ya gushe kafin ruwan ya koma wurin kifi.

Abin da ya kashe nawa sanyi ne. Tarwaɗa na son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, jikinta kuma bin zafin ruwa yake yi. Ka sauke mata shi farat ɗaya, ƙanana ba sa jurewa, balle waɗanda suka sha gajiyar hanya.

Akwai kuma wata matsalar da ba a gani da ido. Kamfanoni da dama suna bi da ruwansu ta matatar da ake kira RO, wadda ke cire kusan duk sinadaran da ke ciki, har da kalsiyam. Ga ɗan Adam ba komai, muna samu a abinci. Kifi kuwa a ciki yake rayuwa: ruwan da aka tatse haka yana zuƙe gishirin jikinsa, kuma yana saurin yin tsami idan kashi da ragowar abinci suka taru. Lambar NAFDAC da ke jikin leda shaida ce ta ruwan sha, ba ta ce a yi kiwo da shi ba.

Wanda ya kamata ku ji tsoro shi ne kulorin na ruwan famfon gwamnati. Shi ba ya gudu da wuri. Sai an tara ruwan a buɗaɗɗen mazubi ya yi kwana ɗaya ko biyu. Ruwan bohol ma a bar shi ya sha iska, don yana fitowa da ƙarancin oksijin.

Ga abin da na gaya wa ƙanena. Ya ajiye gorar kusa da akwatin har ɗuminsu ya zo ɗaya, ya taɓa da hannu ya ji. Ya gauraya da ruwan rijiyarsu da ya kwana, rabi da rabi. In zai canza ruwa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, kuma a hankali. In dole sai ruwan gora zalla, ya ƙulla ɗan dutsen farar ƙasa irin wanda muke sa wa abincin kajin ƙwai a tsumma, ya jefa ciki. Ban ce farar ƙasa ta shafen bango ba fa, wannan ƙona su za ta yi.

Ku kuma masu tankin lita 1,000, ku yi lissafi: jakar fiya wata 100 ce ke cika shi sau ɗaya. Ni dai tun daga ranar na sayi duro biyu, kullum a cike suke a inuwa, ko da famfo zai sake yi mini tsiya.