CCNA, HCIA, MTCNA: wace takardar shaida ce ta cancanci kuɗin matashi?

Wanda ya saba duba tallan neman ma'aikata a fannin haɗa kwamfutoci da intanet, a Yamai ne ko Garwa ko Njamena, ya san haruffan CCNA. Ba digirin jami'a ba ne. Takardar shaida ce da kamfanin Cisco na Amurka, mai ƙera na'urorin sadarwa, ke bai wa wanda ya ci jarrabawarsa.

Cisco ya fito da babbar takardarsa ta CCIE a 1993, CCNA ta biyo baya a 1998. Daga nan kowa ya kafa tasa: Juniper na da JNCIA, Huawei na Sin na da HCIA, MikroTik na Latbiya na da MTCNA. Dalilin yawansu ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikacin da ya ƙware a kan kayan wani kamfani, su zai ce a saya ranar da aka nemi shawararsa. Takardar ilimi ce, talla ce kuma.

Duk da haka CCNA tana da nauyi, domin abin da take koyarwa, kamar rabon adireshin IP da yadda saƙo ke samun hanya tsakanin na'urori, yana aiki a kan kayan kowane kamfani. Sai dai jarrabawar dala 300 ce, sama da CFA dubu 150, kuma bayan shekara 3 sai an sabunta takardar. Ga wanda ya yi karatu da Faransanci akwai ƙarin cikas: darussan Cisco Networking Academy suna nan da Faransanci, amma jarrabawar kanta da Turanci ko Japananci ake yin ta.

Wasu kan haddace tambayoyin da aka sato aka zuba a intanet. Suna iya ci, amma asirinsu kan tonu da zarar an ajiye musu na'ura an ce su saita ta. Manhajar Packet Tracer, wadda ake gwada haɗin a kwamfuta ba tare da sayen na'ura ba, kyauta ce.

Tara takardu huɗu ko biyar ba dabara ba ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Gara a fara duba kayan da ake aiki da su a inda ake son shiga. Kamfanonin wayar salula da dama a Afirka da kayan Huawei suke aiki, masu sayar da Wi-Fi a unguwanni kuwa sun fi kama MikroTik saboda arha.